Kilo Taran Mai Sikeli

Shekara ashirin da ɗaya Mai Sikeli ya yi yana aiki da sikelin sitonmu kafin in ga ya taka shi. Faffaɗan ƙarfe ne shimfiɗe a bakin ƙofa, tsakanin kujerarsa da famfo, taku biyu mutum zai yi ya tsallake. Shi kewayawa yake yi. Ko ruwan sama ake yi, ko kiransa ake da gaggawa, sai ya bi ta bayan tulin kwalaye, ya raɓa ta jikin bango, rigarsa na kwasar ƙura. In wani baƙo ya hau don wasa, ba ya faɗa. Jira yake ya sauka, ya ɗauko tsumma ya goge wurin, ya ƙyasta wa allurar farce har ta koma kan sifiri.

Sitonmu na sayen tsofaffin kwalaye ne da takardu. Masu baro da masu amalanke su kawo, shi ya auna, ni in ɗaure su dami-dami da waya, babbar mota ta zo ta kwashe. Na girme shi da shekara goma sha biyar, don haka Baba yake ce mini. Wurin zamana da nasa bai fi kamu uku ba. Abin da zan faɗa a nan, yawancinsa da idona na gani.

Ba a kan kujera ya fara ba. Da dako ya fara, yana saurayi dogon wuya, ana ƙirga haƙarƙarinsa ta bayan riga. Mahaifinsu ya rasu, mahaifiyar ta bi shi shekara na zagayowa, aka bar masa ƙanwa 'yar shekara huɗu, Auta. Waɗanda aka haifa tsakaninsu ba su zauna ba. Shi ya yi mata wanka, shi ya koyi kitso har ya gaji ya kai ta wurin maƙwabciya, shi ya sa ta a makaranta da abin da kafaɗarsa ta ɗauko. Yana da shekara talatin wani dami ya zame daga kan mota ya same shi a gadon baya. Wata biyu yana kwance. Da ya tashi, mai sito ya duba cikinmu ya ga ba wanda ya kai shi tsoron abin mutane, sai ya ba shi kujera da sikeli.

Jikinsa ya zauna, amma cikinsa ba wanda ya gaya masa an canza aiki. Kwanon ɗan dako ya ci gaba da ci. Shayin safe cokali huɗu na suga, da rabin burodi. Da rana masu kawo kaya su ajiye masa lemon kwalba mai sanyi, ko zai sassauta ido. Ya sha lemon ya gode, ya auna kayan daidai yadda suke. Hannuwansa da ƙafafunsa ba su canza sosai ba. Tumbin ne ya riƙa fitowa a hankali, shekara kan shekara, har ya zama in zai duba allura sai ya ɗan karkace.

Ba wanda ya ga laifin hakan. A gidansu ma murna aka yi, aka ce wahala ta ƙare, hutu ya zo.

Abin da ya fi sani a duniya shi ne ruwa. Masu kawo kwali suna da dabara: su yayyafa ruwa a tsakiyar kaya, su rufe da busassu sama da ƙasa. Shi kuwa ya zura hannu har gwiwa, ya zaro, ya sansana yatsunsa.

"Kai shi rana, abokina. Ka dawo da la'asar."

"Haba Mai Sikeli, raɓa ce kawai!"

"To raɓar ma ta ga rana."

In an dawo da la'asar, kayan da suka nuna tamanin da safe sai su nuna saba'in. Ba ya yi wa mutum gori. Abu ɗaya yake faɗa, kamar yana gaya wa kansa: ruwa ba kaya ba ne, nauyi ne kawai.

Auta ta girma ta zama malamar ƙananan yara, ta yi aure, ta haifi biyu. Siririya ce, baki gare ta. Duk ƙarshen mako takan biyo ta sito, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta juya kan yayanta.

"Yaya, wata nawa ke nan yanzu? Ka faɗa mana da wuri mu fara ɗinkin kayan jariri."

"Ke dai ba ki da kunya. Wannan duk wahalarki ce ta taru ta rasa hanyar fita."

"To ka haife ta mu huta."

Ya ɗaga tsumma kamar zai jefe ta, ta ɓuya a bayana. Ban taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi ba sai in tana nan.

Tana da shekara talatin da huɗu idanunta suka fara yin ɗorawa. Aka ce shawara ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Ƙaiƙayi ya zo, ƙafafu suka kumbura, aka yi ta yawon asibiti. Daga ƙarshe likitoci suka ce nata ba na ƙiba ba ne, ba na wani abin da ta ci ba ne, jikinta ne ya juya yana yaƙar hantarta, kuma hantar ta kusa gamawa. Hanya ɗaya ta rage: a yanko wani ɓangare daga hantar ɗan'uwa mai rai a dasa mata. Suka ce hanta tana sake tofowa, mai bayarwa ba ya rasa ta. Jinin mijinta bai dace ba. 'Ya'yanta ƙanana ne. Na Mai Sikeli ya dace.

Ranar da aka gaya masa, ya dawo sito yana tafiya kamar saurayi. Kwana uku bayan haka ya ce, "Baba, za su duba ni gobe. Ka raka ni, ba na son warin asibitin nan."

Wata nas ce ta karɓe mu, babbar mace mai furfura a goshi, kowa Sista yake ce mata. Ta nuna masa ɗan sikelin da ke lungu.

"Cire takalmi, Malam, ka hau."

Bai hau ba. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa. "Wannan allurar ba ta kan sifiri. Giram ɗari uku take ci." Ya laluba ƙarƙashi ya murɗa wani abu.

"Ka ga har ka rage giram ɗari uku ba ka fara ba," in ji Sista. "Hau."

Casa'in da biyu. Ta tsayar da shi a jikin bango, ta ɗora masa rula a ka: santimita ɗari da sittin da takwas. Ta yi ɗan lissafi a gefen takarda, tana faɗa masa abin da take yi, don ta ga yana leƙe. Ana ɗaukar tsawo a mita a ninka shi da kansa, sai a raba nauyi da abin da aka samu. Daga ashirin da biyar an fara wucewa. Daga talatin sunanta ƙiba. Nasa talatin da biyu da ɗoriya.

Ya gyaɗa kai. Lamba ce, kuma daga sikeli ta fito.

Sai ta zaro tef daga aljihu ta ce ya ɗaga riga.

"Wannan kuma ai na tela ne, Sista. Wando za ki ɗinka mini?"

"Sikeli yana faɗin nawa ne. Tef ke faɗin inda yake." Ta laluba ƙarshen haƙarƙarinsa da saman ƙashin ƙugu, ta zagaya tef ɗin ta tsakaninsu, dab da cibiya. "Saki numfashi, kada ka haɗiye ciki, na san ku. Nan wurin bai kamata ya kai rabin tsawonka ba. Rabin tsawonka tamanin da huɗu. Ga ɗari da goma sha biyu."

Ya saki rigarsa yana murmushi irin na wanda aka yi wa wasan yara.

A wani ɗaki mai duhu suka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, suka ɗauki hoton hantar. Likitan, wani mai sanƙo da ba ya ɗaga murya, ya juyo mana da allon.

"Ka ga nan da ya yi haske? Da lafiya take da ba ta yi fari haka ba. Kitse ne ya kwanta a cikinta."

"Likita, ni ko warin giya ban sani ba."

"Na yarda. Ba sai da giya ba. Suga da yawan zama ma suna yi. Kitsen tumbi maƙwabcin hanta ne, duk abin da ya zubar ita ke fara tarewa. In muka yanka a haka, abin da muka dasa mata zai iya ƙin tashi, abin da muka bar maka kuma ya kasa riƙe ka."

Mai Sikeli ya sake duban allon. Sannan ya ce, "To nawa zan cire?"

"Kashi ɗaya cikin goma na nauyinka. Ka ce kilo tara. Hanta ba ta da riƙo, in an taimake ta tana sakin kitse da wuri."

"Ita fa? Kwana nawa take da shi?"

"Wannan ba zan ba ka lamba ba. Kada dai ka ɓata mako ko ɗaya."

Da za mu fita Sista ta ba shi wata takarda mai ƙananan rubutu gaba da baya, ta ce duk abin da zai ci da wanda zai bari yana ciki. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke huɗu, ya sa a aljihun gaba. Lamba yana karanta ta kamar ruwa. Haruffa kuwa, a aji uku ya bar makaranta. Bai faɗa mata ba. Ni ma da na san haka ban faɗa ba, don nawa karatun bai kai nasa ba.

Cikin duk maganar ranar, abu ɗaya ya ɗauko ya zo da shi gida: kilo tara.

Washegari na zo da sassafe na tarar ya riga ni. Ya cire takalmi ya ajiye gefe, yana tsaye a kan sikelin sito, ya karkace yana duba allura. Na juya na shiga neman filayata ta murɗa waya, ko da yake tana hannuna.

Akwai ƙaramin sikeli a cikin durowa wanda ake auna jan ƙarfe da shi in an samu. Ya fito da shi ya wanke. Da rana matarsa ta aiko da abinci, ita ta ji a wurin mata cewa wake da ganye ake ba mai son ramewa. Ya ɗora kwanon, ya cire nauyin kwano: giram ɗari bakwai. Ya aika aka sayo ƙunshin biskit: ɗari da hamsin. Ya ɗora gorar ruwa: kilo ɗaya cif. Ya ɗebo cokalin suga ya zuba, allurar ko motsi.

"Baba, ka gani da idonka? Abin da ya shiga, shi ke hawa sikeli. Ita tana so ta loda mini giram ɗari bakwai a zama ɗaya."

Ya turo mini kwanon. Na ci. Matarsa ta iya girki.

Haka aka fara. Biskit, burodi, soyayyar gyaɗa, shayi rabin kofi mai kauri da suga don kada jiri ya ɗauke shi. Kankana da lemon zaƙi ya yanke musu gaisuwa, ya ce ruwa ne aka yi wa ɓawo. Ruwan kansa kuwa ya mai da shi kofi biyu a wuni. A bayan sito akwai filin da ake shanya jiƙaƙƙun kaya, kwanon rufi ya kewaye shi, iska ba ta shiga. Da tsakar rana sai ya sa rigar ruwa ya je can ya zauna tsakanin kwalaye. In saura kwana biyu a auna shi a asibiti, kurkure baki kawai yake yi ya tofar.

Na yi magana sau ɗaya. Na ce, "Kwali ma in ya bushe da yawa karyewa yake."

Ya ce, "Amma ba a sauke shi daga kan sikeli."

Ban ƙara ba. Ni mutum ne da ba na maimaita magana. An daɗe ana yaba mini wannan halin.

Duk mako biyu yake komawa. A lokacin an mai da Sista wani sashe na ɗan lokaci, wadda ta maye gurbinta kuma layi ya yi mata yawa. Hau, sauka, rubuta. Tef bai sake fitowa ba. Casa'in. Tamanin da takwas da rabi. Tamanin da bakwai. Ta ce masa yana ƙoƙari. Ya dawo yana nuna mini katin.

A mako na biyar muka je duba Auta a gida. Tana kishingiɗe a kan filo uku, fuskar ta zama ƙashi, cikin kuwa ruwa ya cika shi ya yi tsini a ƙarƙashin zane.

"Baba, sannu da zuwa. Ka ga na kamo Yaya. Yanzu mu biyu ne, sai a ga wanda zai riga sauka."

"Saura kilo biyar da rabi," in ji shi.

Ta dube shi da kyau. "Me ya sami leɓenka?"

"Iska ce."

"Iskar kai kaɗai take bi?" Ta sa 'yarta ta kawo masa ruwa. Ya karɓi kofin ya riƙe, ya yi ta juya shi a hannu yana ba ta labarin wani mai baro da ya ɓoye bulo a cikin kwali. Da muka tashi, kofin na nan a ƙarƙashin kujera yadda aka kawo shi.

A mako na bakwai ya miƙe zai duba wani kaya, sai na ji ƙara kamar an yar da buhu. Direban babbar mota ne ya taimaka mini muka kai shi asibiti. Leda huɗu ta ƙarin ruwa ya sha kafin ya yi fitsari. Likita ya ce ƙodarsa ta ji jiki amma za ta dawo. Tunda yana kwance, suka ce bari a sake hoton.

Hasken yana nan. Ni da ban san komai ba na ga yana nan.

Ranar Sista ta dawo. Ta ɗora shi a sikeli: casa'in da rabi. Ya dubi allurar, ya sauka, ya duba sifiri, ya sake hawa. Ta zagaya tef: ɗari da goma sha ɗaya.

"Malam, zauna. Gaya mini me kake ci."

Ya gaya mata. Bai ɓoye komai ba, don bai san akwai abin ɓoyewa ba. Ya faɗi giram ɗin biskit da na wake, ya faɗi na ruwa, ya faɗi rigar ruwa da filin shanya, tsaf, kamar mai koya wa sabon ma'aikaci aiki. Sista ta jawo kujera ta zauna. Ba ta yi dariya ba.

"Takardar da na ba ka fa?"

Ya zaro ta daga aljihu. Gumi ya jiƙa ta ya bushe sau da yawa, amma ninkin na nan yadda ya yi shi ranar farko. Ta dubi takardar, ta dube shi, ta dube ni. Ni na dubi tagar.

Ta warware ta a hankali don kada ta yage, ta karanta masa layi-layi. Ruwa, ya sha ya ƙoshi, ba ya zama kitse. Suga ba ta da nauyi a cokali, a hanta take yin nauyinta. Ganye da wake su cika ciki su wuce. Tafiya kullum. Abin da ya fitar a mako bakwai, ta ce, ruwa ne da ɗan naman hannu da ƙafa. Kitsen ko gaisawa ba su yi ba.

A hanyar komawa, da muka kusa sito, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Mako bakwai, Baba."

Na ce, "Uhm."

Ya sake farawa. Daga gidansa zuwa sito tafiyar minti hamsin ce ga mai lafiyar baya. Shi awa ɗaya da kwata yake yi, yana tsayawa ya dafa turakun lantarki. Ya iso ya zauna, sai ya huta kafin ya iya amsa gaisuwa. Shayi ba suga, yana sha yana yamutsa fuska. Kwanon matarsa ya daina zuwa gabana. Masu baro suka ajiye lemo ya mayar musu.

"Mai Sikeli, ƙwallo za ka shiga ne?"

"Kai dai sauke kayanka."

Ya aro tef a wurin telan da ke layinmu. Shi ba ya iya ganin inda lambar ta tsaya, don haka duk Asabar da safe kafin a buɗe ƙofa ya ɗaga riga in zagaya masa. Ɗari da tara. Ɗari da bakwai. Wani makon bai motsa ba. Ɗari da huɗu. Ba ya murna, ba ya ƙorafi. Sai ya ce, "Sake, kada ka ja da ƙarfi. Ban son alfarma."

Ita kuma Auta an mai da ita asibiti. Duk 'yan kwanaki su zuƙe ruwan cikin, ya sake taruwa. Wani lokaci ta manta a ina take, ta tambayi ko an buga ƙararrawar shiga aji. Mijinta ya ji labarin mako bakwai ɗin. Tun daga nan, in Mai Sikeli ya shigo ɗakin, shi sai ya tuna yana da abin yi a waje. Ita ma ta ji. Wata rana da hankalinta yake gida ta yafito shi da yatsa.

"Yaya, an ce ka shanya kanka a rana kamar wanki."

Ya sunkuyar da kai.

"Da rigar ruwa?" Ta fara dariya, dariyar ta zama tari, wata nas ta leƙo. Da ta lafa ta ce, "Kai dai ba ka da dabara. Yadda ka yi mini kitson nan ina ƙarama, aka yi mako ana mini dariya a makaranta."

"Ki jira ni, Auta."

"Ina zan je da wannan cikin? Ko ƙofa ba zan wuce ba."

Mako tara da sake farawa, sikelin asibiti ya nuna tamanin da uku, da ruwansa da komai. Tef ya nuna casa'in da tara. Likita ya danna masa ciki, ya duba sakamakon jini, ya ce da alama. Ya rubuta takardar hoto: Alhamis, ƙarfe tara na safe, kada ya ci komai kafin ya zo. In hasken ya ragu yadda ake so, mako mai zuwa za a yi aikin.

Ranar Litinin zazzaɓi ya kama Auta. Suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga ruwan cikin. Talata ba ta gane kowa ba. Laraba kafin la'asar aka rufe mata fuska.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo aiki, a ƙafa. Ya goge sikeli, ya zauna. Na farko da ya kawo kaya ranar, kayansa jiƙaƙƙu ne, daga inda nake ina jin warinsu. Ya auna ya sallame shi.

Da aka yi wata guda, wata tasi ta tsaya a ƙofar sito. Sista ce, da kwalayen magani guda biyar da ba su kai a shiga tasi dominsu ba. Ya auna mata. Ta ƙi tafiya.

"Malam, ba ka zo hoton ba."

"Wadda za a ba hantar ta tafi, Sista."

"Hantar taka ce har yanzu. Ita ma tana da haƙƙi a kanka. Kawo takardar." Ta soke tsohuwar ranar ta rubuta sabuwa a gefe.

"Zan zo."

Ranar ta zo ta wuce. Na bari sai da muka rufe ƙofa wata yamma, muna wanke hannu a famfo, na ce, "Ba ka je ba."

Ya daɗe yana cuɗa sabulu. "Baba, in sun ce ta yi fes fa?"

"Sai a gode wa Allah."

"Mako tara ke nan ya isa." Ya tsaya nan. Bai cire tara daga sha shida da baki ba, amma na ga yatsunsa suna motsi a cikin kumfa. "In kuma sun ce ba ta yi ba?"

Na ci gaba da ɗauraye hannuna.

"Ka gani," ya ce. Ya rufe famfon.

Shekara shida ya ƙara a kan kujerar. Shekarar farko ya ci gaba da tafiya a ƙafa. Ta biyu bayan ya matsa masa, ya koma shiga mota da safe, sannan safe da yamma. Suga ta dawo cokali ɗaya, ba wanda ya yi magana. Ya mayar wa tela tef ɗinsa. Yaran Auta suna zuwa gidansa hutu, yana kai su sayen takalma, yana tsayawa a waje in ubansu ya zo ɗaukar su. Rigunan da aka rage masa aka sake buɗe musu ɗinki. Aikinsa dai bai canza ba, sai dai ya daina zura hannu cikin kaya. Mai sito ya yi gunaguni sau biyu, ya gaji ya bari.

Wata safiya bai zo ba. Matarsa ta ce ya zauna a bakin gado yana sa takalmi, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Zuciya ce, aka ce. Hantar ba wanda ya duba.

Bayan kwana goma matar ta zo sito karɓar 'yan kayansa: kofi, tabarau, tsohuwar rigar sanyi. Ta ce akwai abin da take so ta nuna mini, ta ciro shi daga jaka. Takardar hoton ce, ta yi laushi kamar tsumma. Gefenta duk ranaku ne, an soke an sake rubutawa. Na ƙirga shida, biyar na farko da hannu ɗaya, na ƙarshe da wani hannu daban, don Sista ta yi ritaya. Ashe duk shekara yana zuwa. Ya bi layi, a ba shi sabuwar rana, ya gode, ya dawo.

"Baba, wannan ta ƙarshen yaushe ce? Idona ba ya gani sosai."

Na matsa bakin ƙofa inda haske yake. Lamba dai ina iya karantawa.

"Jibi ce," na ce. "Ƙarfe tara."